Farashin da babu mai dubawa

A ranar 10 ga Oktoba 2007, ƙungiyar mawaƙan rok ta Ingila mai suna Radiohead ta saki album ɗinta na bakwai, In Rainbows, a intanet, ta ce kowa ya biya abin da ya ga dama, ko da sifiri ne. Su biyar ne, Thom Yorke ne mai rera waƙa, kuma tun 1985 suke tare, daga makarantarsu ta Abingdon. Lokacin kwangilarsu da kamfanin EMI ta ƙare, ba mai yanke musu farashi.

Tambayata ita ce: in an ce maka ɗauki, ka biya yadda ka so, ka ɗauka ba ka ba da ko dala ba, ka yi laifi?

Ni da ke karatun ilimin harshe, kalmar "kyauta" ce ta tsaya mini. Muna cewa abu kyauta ne in babu kuɗi a kansa, muna kuma kiran abin da mutum ya ba ka don girmamawa kyauta. Ma'ana ta farko ba ta ɗora maka komai. Ta biyu kuwa tana da nauyi, don wanda aka yi wa kyauta an bar shi da bashin mutunci. A ganina ta biyun Radiohead suka yi. Makaɗin biki ma ba ya faɗin farashi, amma a can idon jama'a na kanka. Gaban kwamfuta kai kaɗai ne da zuciyarka.

Wani zai ce ai masu kuɗi ne, tun "Creep" a 1992 da OK Computer a 1997 duniya ta san su. Gaskiya ne, kuma da CD ɗin ya fito, ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka. Ɗalibin da bai da shi bai cuce su ba, tunda da bakinsu suka yafe.

Abin da nake tsoro shi ne sabo. Mai hali da ya saba ɗauka a banza, gobe haka zai yi wa ƙaramin mawaƙin Zinder ko Maraɗi da ya ci bashi ya shiga sitidiyo, wanda bai taɓa yafe wa kowa ba. Ƴan uwa, mu duba waƙoƙin da ke cikin wayoyinmu. Nawa ne masu su suka ce mu ɗauka?