TAZARAR SUKUWA A MA'AUNIN SHARI'A

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya hore wa ɗan Adam dabbobi, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya san ƙasar Gumel ya san matsayin doki a zukatan mutanenta. Tun daga birnin Gumel zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, har Maigatari a bakin iyakar Nijar, inda aka keɓe yankin ciniki maras haraji, inda kuma kasuwar Alhamis ke tara dawaki da raƙuma da shanu daga ƙasashen biyu, mai doki mutum ne da ake gani da daraja. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji gardama ta kaure a majalisu duk lokacin da masu shirya sukuwa suka rage ko suka ƙara tazarar tseren share fage, watau wanda ake gwada dawaki da shi kafin babbar gasa, ko kuwa suka ɗaga ranarsa. Wasu su ce rage tazara lalata sukuwa ne, domin ba a gane dokin ƙwarai sai a dogon zango. Wasu su ce dogon zangon ne ke karya ƙananan dawaki tun ba a zo babbar rana ba. Wasu kuwa kukansu a kan rana da sa'a ne. To, abin da ba a cika tunawa ba a cikin wannan ja-in-ja shi ne, addinin Musulunci ya riga kowa magana a kan al'amarin.

Da farko dai, ita sukuwa halal ce. Allah ya yi rantsuwa da dawaki masu gudu a farkon Suratul Adiyati, ya ambace su a Suratun Nahli aya ta 8 cikin abin hawa da ado, ya kuma umurci Musulmi da tanadinsu a Suratul Anfali aya ta 60. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tsere da kansa a Madina. Imamu Malik ya kawo labarin a cikin Muwaɗɗa, haka ma Buhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar, wanda yana cikin mahayan wannan rana.

Abin lura a cikin labarin shi ne, ba a yi wa dawakin duka tazara guda ba. Waɗanda aka hora an sake su daga wani wuri da ake kira Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a hora ba kuwa daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙu kawai. Masu ruwaya sun ƙaddara tazarar farko da mil 5 ko 6, wasu suka ce 6 ko 7, ta biyun kuwa mil 1 ko kusa da haka. Ashe ke nan tazarar horarren doki ta ninka ta ɗan'uwansa sau biyar ko fiye. Horon da ake nufi kuwa, kamar yadda malamai suka bayyana, shi ne a ciyar da doki har ya yi ƙiba, sa'an nan a riƙa rage masa abinci sannu a hankali, a shigar da shi ɗaki a lulluɓe shi har ya yi gumi, kitsen ya zube, jikinsa ya ɗaure, ya iya jure gudu. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Annabi ya ƙara wa dawakin da suka cika shekarun ƙarfi tazara a kan ƙanana.

Daga nan za a fahimci cewa Shari'a ba ta yanke wani adadi da za a ce shi ne tazarar sukuwa har abada ba. Abin da ta kafa ma'auni ne: ana auna zango da ƙarfin doki da horonsa da shekarunsa, ba da sha'awar ɗan kallo ba. Don haka mai cewa kada a taɓa tazara domin haka aka gada, ba shi da hujja. Mai son a ƙara ta domin kallo ya yi armashi, alhali kuwa dawakin ba su sami horo ba, shi ma ba shi da hujja. Dukushin da bai gama ƙosawa ba, ko dokin da aka kwanto daga turke bai sami kilisa ba sai ta kwana biyu, ba a haɗa shi zango ɗaya da ingarman da muri ya yi watanni yana kiwo da horo. Ƙasar nan kuwa ta rairayi ce, gudu a cikinsa ya fi cin ƙarfin dabba, balle a watannin bazara. Dabba amana ce, wanda ya ɗora mata abin da ba ta iya ɗauka lalle za a tambaye shi.

Amma fa halaccin sauya tazara yana da iyaka. Shaihu Halilu, a cikin Muhtasar ɗinsa da malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa a zaure, ya ware babi na tsere bayan babin jihadi. Ya sharɗanta cewa idan akwai kyauta, wajibi ne a ayyana mafarin tseren da matuƙarsa, a kuma ayyana dabbobin da za su yi gudun. Ya ƙara da cewa da zarar an ƙulla, to yarjejeniyar ta zama dole kamar ta ijara. Ma'anar wannan a sarari take. Masu shiri suna da ikon su tsara zango yadda suka ga maslaha, amma su sanar tun da wuri, kafin mutane su shigar da dawakinsu. Mutumin da ya yi wata biyu yana sayen harawa da dusa, yana horon dokinsa a kan wata tazara, in aka wayi gari ranar tsere aka ce masa an sake, an ci haƙƙinsa. In kuwa an yi sauyin ne domin a taimaki dokin wani babba wanda aka san ba ya jure dogon zango, to wannan algus ne, ko da an sa masa sunan gyara. A kan irin wannan adalci ne hadisi ya hana a bi bayan doki da ihu ana kora shi, ko a jawo wani doki a gefe don mahayi ya koma kansa in na farko ya gaji. An kuma ruwaito cewa Imamu Malik ya karhanta a ɗora yaro ƙarami a kan dokin tsere.

Sai batun lokaci. A nan hujjojin masu gardama ba su wuce na duniya: kada rana ta faɗa Alhamis mutane suna kasuwa, kada ta faɗa tsakiyar damina suna gona, kada ta biyo hawan Salla dawaki ba su huta ba. Waɗannan duka abin dubawa ne, amma akwai wanda ya fi su. Bisa al'ada da yamma ake sukuwa, saboda sanyin rana, wannan kuwa shi ne tsakanin La'asar da Magariba. Suratu Sad, daga aya ta 31 zuwa ta 33, ta ba da labarin Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka gitta masa dawaki na ƙwarai da maraice. Masu tafsiri da yawa sun ce duba su ya ɗauke masa hankali daga ambaton Ubangijinsa har rana ta faɗi, sai ya yi nadama ya koma ga Allah. In haka ta faru ga Annabi mai mulki, ina ga ɗan kallon da ke tsaye a bakin fage? Tsarin da ya dace shi ne wanda aka fara shi bayan an sallame La'asar, aka kuma ƙididdige yawan tseren yadda za a tashi kafin kiran Magariba. In tseren sun yi yawa, a raba su kwana biyu.

Akwai kuma wani abu da ya kamata kowane mai gardama ya tambayi zuciyarsa, watau mene ne ya sa ya tsananta haka? Wani kishin sukuwa ne, wani kuwa kuɗin da ya aza a kan doki ne ke magana. A mazhabar Malikiyya kyauta takan fito ne daga wanda ba ya cikin tseren, kamar sarki ko attajiri, ko daga ɗaya daga cikin masu tseren, da sharaɗin in shi ya yi nasara ba za ta koma aljihunsa ba, sai ta zama ta mahalarta. Amma kowa ya ajiye nasa, wanda ya ci ya kwashe, mashahurin zancen mazhaba ya hana. Abin da 'yan kallo ke azawa a tsakaninsu kuwa caca ce tsantsa, wadda Suratul Ma'ida aya ta 90 ta jera tare da giya.

Daga ƙarshe, ga abin da zai sanyaya zukata. Buhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba, sai wata rana wani Balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai zafi, amma Annabi bai soke tseren ba, bai ce a sake awon fage ba. Sai ya sanar da su cewa sunnar Allah ce, babu abin da zai ɗaukaka a duniya face wata rana ya sauke shi. Wanda dokinsa ya sha kaye a sabuwar tazara, ya isa ya yi koyi da wannan.

Allah ya sa wa masu dawaki tausayin dabbobinsu, ya ba masu shiri ikon riƙe amana, ya tsare Musulmi daga wasan da ke cinye salla. Allah shi ne Mafi sani.