Tsaga ko Ɗinki?

A shekarar 1948, mai zane Ba'amurke Barnett Newman ya shafe ƙyalle da ja mai duhu, sannan ya ja siririn layi ruwan lemo a tsakiyarsa, daga sama har ƙasa. Babu mutum, babu bishiya, sai launi. Ya raba filin biyu, amma ya raɗa wa zanen suna Onement I, wato zama abu guda.

Wannan zane nake tunawa duk lokacin da na tsaya a bakin iyakar Jibiya da Nijar. Ƙasar nan iri ɗaya ce da ta can, gero ɗaya, harshe ɗaya. Sarautar Maraɗi ma tsatson Katsina ce. Turawan Ingila da Faransa suka ja layin. Da aka rufe shi a Agustan 2023, manyan motoci suka yi cirko-cirko, talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba ya ɗanɗana kuɗarsa.

Shin laifin layi ne? A'a. Layin Newman ba shi da wata daraja sai albarkacin launin da ke gefensa biyu. Haka iyaka take: mutanen da ke hagunta da damanta su ne dalilinta. Mahukuncin da ya fifita layi a kansu, ya mayar da ɗinki tsaga.