Ciwon Damuwa Ba Raunin Imani Ba Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.).

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi, ka san abin da ya sami ƙasar Gobir. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Disamba 2021 aka ƙone matafiya cikin mota a wajen Gidan Bawa. To, ka sani, ba duk wanda ya tsira da jikinsa ne ya tsira da zuciyarsa ba.

Ni kaina na ɗanɗana. Bayan mun binne ƙanena, barci ya ƙaurace mini, abinci ya ƙi shiga, har karatu ya fita raina. Wasu suka ce aljanu ne, suka kawo laya, na ƙi. Wasu suka ce raunin imani ne, wannan kuwa ta fi yi mini ciwo. Daga baya wani amini ya raka ni Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Likita ya saurare ni, ya ce ciwon damuwa ne, ya ba ni magani. Sai da na yi kusan mako 4 kafin na fara jin sauƙi. Na ci gaba da sha yadda ya umarta, ban bar addu'a da azkar ba.

Mai cewa raunin imani ne, me zai ce game da Annabi Yakubu (A.S.), wanda baƙin cikin rabuwa da Yusufu ya taɓa ganinsa? Malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rarrabe baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda tushensa daga jiki yake, mai bukatar magani. Annabi (S.A.W.) ya yi umarni da neman magani, ya kuma hana zuwa wurin boka.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka nemi sauƙi a tiramol ko kodin, wallahi ƙara nitsar da kai za su yi. Kada ka yanke magani ba da sanin likita ba. In zuciyarka ta fara raya maka halaka kanka, ka faɗa wa mahaifinka, ko limaminku, ko aminin kirki, yau ɗin nan, a kai ka asibiti. In kuma ka ga abokinka ya daina fitowa masallaci da majalisa, kada ka zarge shi. Je ka zauna da shi.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalamu alaikum.