Wa Zai Nuna wa Babba Hanya?

A da, Bahaushe bai cika tambayar sana'ar da zai yi ba, gado ya riga ya amsa masa. Ɗan maƙeri zuga-zugi zai tashi ya tarar, ɗan marini kuwa karofi. Da boko ya zo sai ya tsinke wannan igiya. Gaskiya ne Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a sa masu ba da shawara kan zaɓen aiki a makarantun sakandare (a tamu, malamin lissafi aka ɗora wa, ba a ko rage masa darasi ba), amma yara kaɗai aka tuna.

To, ina babba? Dubi ma'aikacin da aka rufe masaƙarsu a Kakuri, Kaduna, ga shekara hamsin, ga iyali. A al'adarmu shi ke ba da shawara, abin kunya ne a gan shi yana nema. Ashe girman da muka ba shi ne ya toshe masa baki? A ganina hakkinsa ne a kai masa shawarar har majalisarsa, ta bakin tsaransa da ya taɓa sake sana'a, kada a zaunar da shi a ofis gaban ɗan cikinsa.