Nasihar Juma'a: Jikinka Yana Da Haƙƙi A Kanka

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

'Yan'uwa, a gida Arewa iyayenmu da ƙafa suke zuwa gona, da ƙafa suke dawowa. Mu kuwa a nan Kudu, da yawanmu daga sallar asuba sai shago. Mutum ya wuni kan benci, yaro ya kawo masa abinci, nan da can ma sai ya hau okada. In ya koma gida a gajiye sai ya ɗauka ai ya motsa jiki. To gajiyar zama daban, motsa jiki daban. Irin wannan zaman yana cikin abubuwan da ke jawo teɓa, hawan jini da ciwon suga, kuma in maigida ya kwanta, shago da iyali duk sun shiga wani hali.

Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Abdullahi ɗan Amru (RA) ya riƙa azumi kullum da tsayuwar dare, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya sassauta, domin jikinsa ma yana da haƙƙi a kansa. In har ibada ba ta zama uzurin cutar da jiki ba, ina ga neman kuɗi? Haka nan Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA). Ke nan motsa jiki ba zubar da girma ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babba shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato kamar minti 30 sau biyar, na irin tafiyar da za ta ɗan ɗaga numfashi. Wannan ba ya buƙatar ko kwabo. Ka fito da wuri ka tako zuwa masallaci cikin natsuwa, ga ladan kowane taku. Bayan sallah ka tafi kasuwa da ɗan sauri. A shago ma ka riƙa miƙewa kana zagayawa.

Sai dai a kula. Wanda ya shekara ashirin bai yi gudu ba, kada ya faɗa filin ƙwallo rana ɗaya don yara sun zuga shi. A fara da minti 10, a riƙa ƙarawa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tuntuɓi likita tukuna. Mai shan maganin suga ya riƙe dabino a aljihu, don suga na iya sauka ya faɗi. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take, a kai shi asibiti, kada a ce gajiya ce. A guji tsakar rana, a sha ruwa, mai azumi ya bari sai bayan buɗa baki. 'Yan'uwanmu masu dako kuwa, ku riƙa durƙusawa ku ɗaga kaya da ƙarfin ƙafa, ku tausaya wa bayanku.

Magidanta, kada mu manta da iyayenmu mata da ke wuni a ɗaki ɗaya. A ba su dama su taka zuwa Islamiyya ko ziyarar 'yan'uwa cikin suturarsu.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.

Sakataren Masallaci