Dukiyar Wa Aka Ƙona?

A watan Afrilu na 2003, da sojojin Amurka suka shiga Bagadaza, sai suka girke dakaru a Ma'aikatar Man Fetur, alhali ɓarayi suna wawashe gidan kayan tarihi, ɗakin karatu na ƙasa yana cin wuta. Abin da mutum ya tsare shi ke tona niyyarsa. Mutanen Iraƙi da suka ƙi miƙa wuya ba abin zargi ba ne, domin kare gida wajibi ne.

Amma fa waɗanda suka riƙa fasa bututun man Kirkuk don kada baƙo ya amfana, dukiyar wa suka ƙona? Man nan, ko baƙo ke gadinsa, haƙƙin talakawa da marayun Iraƙi ne, waɗanda a shekarun nan suka sha yini a layin kananzir.