Wa Za Ta Ɗauka?

Bayan an sayar da albasar bana, ɗan ƙanwata ya same ni a zaure da la'asar, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa. Hoton wata baƙar BMW ne, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, tana ƙyalli a wani filin sayar da motoci na Kwatano. Ya ce, "Kawu, ita raina yake so. Kai ka san mota, shi ya sa na ce ba zan tura kuɗi ba sai ka sa albarka."

Har na buɗe baki zan faɗa masa abin da kowane dattijo zai faɗa: nemi Corolla, ba ta shan mai, kayan gyaranta ko'ina akwai. Sai maganar ta maƙale, domin na tuna cewa da kunnena na taɓa jin irin wannan nasihar, na kuma yi mata dariya. Na ce ya ba ni kwana biyu.

Ni mutumin Tumbutu ne, tamu ta kusa da Malanville a arewacin Benin, ba ta Mali ba. Mu da muka tashi a nan ba sai an koya mana son mota ba. Motocin da jiragen ruwa ke saukewa a tashar Kwatano ta gabanmu suke wucewa. Su yi tafiyar fiye da kilomita 700 ta Parakou da Kandi, su tsaya a duwan, su haye gadar Kwara zuwa Gaya, daga nan Dosso, Konni, Maradi, da yawansu kuma su ƙare a Katsina da Kano. Ina saurayi na yi shekaru ina tuƙa irin waɗannan motoci a ayari, ana biyana kowace tafiya. A lokacin, tambaya biyu nake wa mota: nawa take gudu, kuma wa zai waiwayo in na wuce?

Da na tara kuɗi sai na sayi jar Honda Accord, wadda Kanawa ke kira Hala. Maƙwabcinmu, wani tsoho mai Fijo 504 a-kori-kura da yake kai buhunan shinkafa da albasa kasuwar Malanville, ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Yaro, ta yi kyau. Amma wa za ta ɗauka?" Na ɗauka hassada ce irin ta wanda zamani ya wuce.

Yau ni ne nake leƙa ƙarƙashin mota. Kafin in dubi fenti sai na tambayi makanike ko ya san injinta. Sai na ƙirga kujeru, na auna tsayinta daga ƙasa, na ji ko za ta jure man kwalba na bakin hanya. Duk abokaina da muka yi gasar gudu tsakanin Kandi da Guéné haka suka koma. Abin da ya hana ni barci a kwana biyun nan shi ne: wannan canjin hankali ne muka yi, ko gajiya ce da rashin ƙarfi muka sa wa rawani muka kira ta hikima? In gajiya ce, da wane ido zan hana yaro abin da ni na ɗanɗana?

Dole in faɗi gaskiya a kan tsararrakina. Da yawanmu aljihu ne ya yi mana wa'azi. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur, nan take man da ake shigowa da shi daga can, wanda mutanen kudu ke kira kpayo, ya yi tashin gwauron zabo. Wata biyu bayan haka, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe gada, manyan motoci suka yi layi a Malanville har ido ba ya ganin ƙarshensu. Ciniki ya tsaya. A shekarar na ga mutanen da jiya suke alfahari da injin mai silinda shida sun wayi gari suna yabon ƙaramar Starlet, suna cewa duniya ba ta da tabbas. Haƙurin dole ne, kuma ba laifi ba ne, amma bai kamata mutum ya nemi a yaba masa a kansa ba.

Akwai kuma waɗanda girman kan nasu riga kawai ya canza. Saurayi yana son a ce motarsa ta fi gudu, Alhaji yana son a ce tasa ta fi tsada. Wanda ya bar jar Honda ya hau Land Cruiser don a buɗe masa ƙofa a wurin ɗaurin aure, har yanzu idon mutane yake saya wa mota. Ita ma Fijon da nake ganin ta tsofaffi ce, ai ta yi tashenta. Ita ta ci gasar tseren Safari ta Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma samarin wancan lokacin mafarkinta suke yi. Ashe furfura ita kaɗai ba ta tabbatar da komai.

To, amma akwai wani dare da ba zan iya sa shi cikin lissafin aljihu ba. Cikin watan Agusta ne, ruwa ya kwana biyu yana zuba, naƙuda ta kama matata da cikinmu na fari, abin kuma ya zo da gardama. Ungozoma ta ce a tafi asibiti yanzu. Na sa ta a bayan Honda tare da mahaifiyata. Ba mu yi nisa da gari ba cikin motar ya zauna daram a kan laka, tayoyi suna juyawa a banza. Na fita cikin ruwa ina turawa, ina jin nishinta, ina kuma jin mahaifiyata tana salati. Duk gudun da nake taƙama da shi bai matsar da mu taku ɗaya ba. Yaron da na aika da gudu ya taso tsohon nan, ya zo da a-kori-kurarsa mai fitila ɗaya, aka shimfiɗa katifa a baya aka lulluɓe da tamfol. Ita ta kai su. 'Yar da aka haifa a daren yanzu tana da 'ya'ya uku. Har tsohon ya rasu bai taɓa tuna mini tambayarsa ba.

Tun daga ranar na gane abin da ke canzawa in canjin na gaskiya ne. Saurayi yana sayen mota ne saboda mutanen da ke wajenta, masu kallo. Wanda nauyi ya hau kansa yana saye ne saboda mutanen da ke cikinta. Mota a ƙauye irin namu ba ta mutum ɗaya ba ce: ita ce motar asibiti, ita ke kai amarya, ita ke ɗauko gawa, ita ake buga wa ƙofa da ƙarfe biyun dare. Wannan fahimta ba ta jiran shekaru. Na san ɗan shekara ashirin da biyar da mahaifinsa ya rasu ya bar masa ƙanne bakwai, tunaninsa a kan mota irin na ɗan sittin ne. Na kuma san ɗan sittin da har gobe shi kaɗai ne a cikin motarsa, ko da ta cika da mutane.

Ban ce son kyau zunubi ba ne. Har yau in tsohuwar Marsandi mai lafiyayyen inji ta wuce, kunnena yakan bi ta, kuma ba na jin kunyar haka. Wanda bai taɓa son abu don kyansa kawai ba, akwai daɗin da ya wuce shi. Abin da nake tsoro shi ne kuɗin makarantar. Ni na koyi darasina da rai biyu a hannun Allah, aka kuma yi mini sauƙi. Ba kowa ake yi wa ba.

Da yaron ya dawo, ban ce masa Corolla ba, ban kuma ce BMW ba. Na ba shi labarin daren nan, wanda ko mahaifiyarsa ba ta taɓa ji daga bakina ba. Sannan na ce, "Ɗana, kuɗinka ne, guminka ne, ba zan hana ka ba. Amma kafin ka tura, zauna ka rubuta sunan duk wanda zai buga maka ƙofa in ya ji kana da mota. Ka duba hanyar gidanku a watan Agusta. In ta iya ɗaukarsu, na sa albarka."

Ya yi shiru yana kallon hoton. Can ya ce, "Kawu, Inna ma ba za ta iya sunkuyawa ta shiga wannan ba, da ciwon gwiwarta."

Har yanzu bai tura kuɗin ba, hoton kuma yana nan a wayarsa bai goge ba. Ni ma ban sake tayar masa da maganar ba.